Amanar da Na Ci a Buenos Aires

A lokacin da abin da zan ba da labari ya faru ina da shekara arba'in cif. Ma'aikaciyar jinya ce ni a wani asibiti da ke Largo a jihar Maryland, ina da miji da 'ya'ya biyu, muna zaune a gidanmu na kanmu, irin gidajen nan da ke manne da juna. Haifaffiyar Jos ce ni, kuma na shekara goma sha biyar a Amurka a lokacin. A cocinmu da ke Beltsville ina cikin shugabannin zumuntar mata. Ni ake bugo wa waya idan aure ya yi tsami, ko wata ta haihu ba ta da uwa a kusa, ko ɗan wata ya shiga hannun 'yan sanda ana neman wanda zai taimaka ba tare da maganar ta fita ba. Mata sukan yaba mini da zurfin ciki, ni ma har na yarda haka nake. Edita, ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, in ban da mutum ɗaya.

Mu uku ne a wurin mahaifiyarmu: babban wanmu da ke Jos, wanda ya riƙe gida tun rasuwar Baba kuma dattijo ne a coci, sai ni, sai autanmu da na ba shekara tara. Auta muke kiransa, haka zan kira shi a nan. Ni na goya shi, ni na riƙa kai shi firamare, kuma da na samu gindin zama a nan, ni na yi ta faɗi-tashi har ya samu gurbin karatu ya zo. Shekara uku ya yi a ɗakinmu na ƙasa kafin ya samu aiki a Sterling, a irin manyan gine-ginen nan marasa taga da ake jibge na'urorin kwamfuta, ya kama gidansa a can. Mutum ne mai sanyin hali. Yakan zo ran Lahadi ya ci gwaten acca, ya zauna a ƙasa ya taya 'ya'yana aikin makaranta. Abu ɗaya ne ya dame ni da shi: ya haura talatin babu maganar aure. Na haɗa shi da 'yan mata sun fi biyar. Kowacce sai ya fita da ita cin abinci sau ɗaya, ya dawo ya ce yarinyar kirki ce, amma ba tasa ba ce. Mama kuwa duk wayar da za mu yi sai ta tambaye ni ko Amurka babu mata ne.

Da ranar haihuwata ta gabato, sai ya zo da tikitin jirgi guda biyu, ya ce tunda na zo ƙasar nan ban taɓa hutawa ba, daga asibiti sai coci, daga coci sai kicin, don haka zai kai ni Buenos Aires ta ƙasar Ajantina mu yi mako ɗaya. Har ya riga ya shirya da mijina a kan yara. Na yi dariya na tambaye shi me ya kai mu can, ya ce ya taɓa zuwa, garin ya yi masa daɗi, kuma suna da naman shanun da zai sa na raina balangun Jos. Na ji daɗi ƙwarai. Na yi ta nuna wa abokan aikina tikitin ina alfahari da ƙanena.

Mun bar sanyi yana shigowa a Maryland, muka tarar da su can bazara ce ke kamawa, itatuwa sun yi furanni masu ruwan ɗorawa da shuɗi-shuɗi, har ƙasa duk ta rufe. Masaukinmu wani tsohon gida ne a unguwar San Telmo, mai tsakar gida da tukwanen furanni, wasu dattawa biyu maza ke kula da shi. A jikin ƙofar akwai 'yar alama mai launin bakan gizo. Ba zan yi ƙarya in ce ban san ma'anarta ba, alamar masu soyayyar jinsi ɗaya ce, ina ganinta a Washington kullum. Na dai ce wa kaina Auta ya kama wurin ne ta intanet bai lura ba. Da safe ɗaya daga cikin dattawan ya kawo mana burodi da wata madara mai kauri da aka dafa da sukari har ta yi ja, yana wucewa ya gyara wa ɗayan wuyan riga kamar yadda nake yi wa mijina. Na kawar da kai. Kwana biyun farko mun sha yawo. Mun ci wani abu kamar mitfai ɗinmu amma ya fi laushi, mun zaga kasuwar tsofaffin kaya, ƙafafuna suka kumbura amma raina fari tas. A gidajen cin abincin da yake kai ni ina ganin maza biyu riƙe da hannun juna, ko mata biyu da jariri a keke, ba wanda ya ɗaga kai ya kalle su. Na ce da Auta garin nan sai addu'a. Ya yi murmushi kawai.

A kwana na uku ya ce mini wani abokinsa, malamin lissafi a wata sakandare a Virginia, ɗan asalin garin ne, ya zo ganin mahaifiyarsa, kuma tsohuwar ta gayyace mu gashin nama ran Lahadi. Abokin ya zo ya ɗauke mu a motar ƙaninsa. Dogo ne mai ɗan furfura a gefe, mai ladabi, har ya gaishe ni da "Sannu, Yaya" da wata irin Hausa mai ban dariya. Gidan nasu cike yake da dangi, an shimfiɗa nama a kan wani faffaɗan ƙarfe, hayaƙi na tashi, yara na guje-guje. Tsohuwar ta rungume ni ta sumbaci kumatuna, ta riƙe hannuna ta yi ta magana da Sifaniyanci idonta da ƙwalla. Ɗanta ya fassara mini cewa tana gode mini da irin tarbiyyar da na ba Auta. Aka zuba wani shayi mai ɗaci a ɗan ƙoƙo da bututun ƙarfe, kowa ya zuƙa ya miƙa wa na kusa da shi. Na lura Auta ya san inda ake ajiye wuƙaƙe a gidan, yaran kuma suna hawa wuyansa ba tare da jin baƙunta ba. Da na shiga kicin neman ruwa, sai na ga hotuna manne a jikin firji. A cikinsu akwai Auta tsaye tsakanin tsohuwar da ɗanta, sanye da wata jar rigar sanyi da ni na saya masa a wata Kirsimeti shekara uku da suka wuce. Na tsaya da kofi a hannuna ina kallon hoton har ruwan ya zube mini a ƙafa.

Na koma na zauna, na ci naman da ban ji ɗanɗanonsa ba. Mutanen garin ba sa cin abincin dare sai wajen ƙarfe goma, rawa kuma sai bayan nan, don haka da suka ce za su kai ni in ga rawar tango, dare ya riga ya yi. Na bi su ne don ban san yadda zan koma masauki ni kaɗai ba. Wani zaure ne a saman bene, da daɓen katako da fankoki a sama. Na shiga da shirin ganin tsiraici da maye, abin da zai ba ni dalilin tashi in fita. Ban ga ko ɗaya ba. Mutane ne cikin shigar mutunci, da yawansu sun girme ni, maza na rawa da maza, mata da mata, wasu mace da namiji, kowa ya nutsu kamar mai aikin da ke buƙatar hankali. Can sai abokin ya miƙa wa Auta hannu, suka shiga fili. Ƙanena, wanda tun yana sakandare yake tafiya da kafaɗa a sunkuye, na gan shi a miƙe. Ya yi kuskuren taku ya yi dariya, irin dariyar da rabona da jinta tun yana ɗan firamare. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, don da ban gan shi cikin farin ciki ba, da na san abin da zan ce masa.

Na tashi na fita kan matakala, ya biyo ni. Muka zauna a kan tsani ɗaya, kiɗan yana fitowa ta ƙofa. Ya gaya mini shekararsu huɗu tare, a gida ɗaya suke a Sterling, shi ya sa kullum yake cewa gidansa a hargitse yake idan na ce zan zo. Ya ce ya san halinsa tun yana ɗan shekara goma sha uku, ya yi azumi, ya yi addu'a, ya kwana a coci yana kuka, abin bai canja ba. Ya ce ya rasa yadda zai gaya mini a Largo, inda bango ɗaya ya raba mu da maƙwabta kuma wayata ba ta daina ƙara, shi ya sa ya kawo ni inda zan gan shi tukuna kafin in ji. Daga nan ya ce, "Yaya, na gaji da yi miki ƙarya. Ke kaɗai nake so ki sani. Don Allah kada Mama ta ji, ni zan san ranar da zan gaya mata da bakina." Ya tambaye ni ko na yi alkawari. Na ce na yi. Har na dafa kansa, kamar yadda nake yi masa yana ƙarami idan ya yi mafarkin tsoro.

Washegari na ce kaina na ciwo, na kulle kaina a ɗaki. Ban taɓa jin ƙunci irin na ranar ba. Ga ni a garin da ban iya ko tambayar hanya ba, tikitin komawa yana cikin wayar Auta, saura kwana huɗu, kuma duk wanda zan iya yi wa magana a garin nasu ne: shi, da abokinsa, da dattawan nan biyu da suka yi ta ƙwanƙwasa ƙofa suna kawo mini romo da magani. Na ji kamar an shirya mini tarko ne, an kawo ni nesa da mijina da cocina don kada in sami bakin musu. Na buɗe Littafi Mai Tsarki na rufe. Na tuna 'yan matan da na haɗa shi da su, da iyayensu da nake haɗuwa da su duk Lahadi, na ji kunya ta rufe ni, daga kunyar kuma sai fushi. Ina tunanin me za a ce da ni, ni da nake gyara gidajen mutane ashe nawa ne ke yoyo. Yanzu da nake rubuta wannan na gane cewa duk yinin nan kaina nake tausaya wa, ban tuna ko sau ɗaya da yaron da ya kwana a coci yana kuka shi kaɗai ba.

Ran Talata da safe na ɗauki waya. Mijina ya kamata in kira, amma na san shi, zai ce in kwantar da hankalina in dawo gida tukuna, ni kuwa ba kwanciyar hankali nake nema ba, wanda zai taya ni ɗaukar kayan nake nema. Sai na kira babban wanmu a Jos. Na ce wa kaina ba tona asiri zan yi ba, neman addu'a zan yi. Haka ma na fara maganar, na ce akwai abin da nake so ya sa a addu'a, amma ya tsaya tsakaninmu. Kafin in ankara na zayyana masa komai, har da hoton jikin firji, har da rawar, kuma na yi amfani da kalmar nan mai muni da ake kiran irinsu da ita a gida, kalmar da ban taɓa zaton zan jingina wa ɗan'uwana ba. Ya tambaye ni ko na gani da idona, na ce na gani. Ya ce to, in bar masa sauran. Da na ajiye wayar na ji sauƙi, amma na kamar minti goma kawai.

Da rana Auta ya lallashe ni na fito, muka zauna a wani ɗan shagon shayi a bakin titi. Yana ta ƙoƙarin sa ni dariya, yana cewa ko ba komai na yarda naman ya fi na Jos. Sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba ya ga Mama ce, fuskarsa ta washe, ya buɗe muryar wayar ya ajiye a kan tebur don mu gaisa da ita tare. Abin da ya fito kuka ne. Mama tana kuka tana kiran sunansa na yanka, tana tambayarsa me ta yi masa, a bayanta kuma ana jin muryar babban wanmu yana cewa ta gaya masa, ta gaya masa. Mutanen teburin kusa da mu suka waiwayo. Auta ya ɗauki wayar ya kara a kunne, ya saurara har suka gama. Da ya ajiye, ya dube ni. Ba fushi na gani a idonsa ba, da ma fushin ne. Ya ce, "Kwana biyu kacal, Yaya." Ya tashi ya biya kuɗin shayin, ya raka ni har ƙofar masauki, ya juya ya tafi.

Ko a hakan bai yar da ni ba. Ranar tafiya ya zo ya ɗauki jakata, ya nuna tikitina, ya zauna kusa da ni a jirgi tun daga can har inda muka canja wani, har muka sauka a filin jirgin Dulles. Sa'o'i masu yawa kafaɗarmu na gogar juna, bai yi mini magana ba sai sau ɗaya da ya tambaye ni kaza nake so ko taliya. Na yi ta shirya kalmomin ban-haƙuri a raina, duk wadda na ɗauko sai in ga ba ta kai ba. A filin jirgi ya kai ni har bakin jirgin ƙasa, ya ajiye mini jakar, ya ce in gaida yara. Layin nan daga can yake ratsa Washington gaba ɗaya ya ƙare a Largo, na zauna a ciki fiye da awa ɗaya da rabi ina kallon tashoshi na wucewa. Da na gaya wa mijina a daren, bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ya daɗe da zargin haka, ya yi shiru ne don ba nasa ba ne ya faɗa. Ya ce yaron nan duk duniya ni ya zaɓa.

Abin da ya biyo baya ya ɗauki shekara biyu, kuma a cikinsu ban san rana ɗaya da na yi numfashi sosai ba. Babban wanmu ya tara dangi, aka yanke cewa sai Auta ya rabu da mutumin, ya dawo gida a yi masa addu'ar kuɓuta, ya yi aure, in ba haka ba kada a sake ambatar sunansa. Auta bai amsa ba. Aka cire shi daga zauren dangi na waya. Maganar ta tsallako teku ta iso Beltsville kafin wata guda, don matar babban wanmu tana da 'yar'uwa a cocinmu. Ba wanda ya tare ni da ita. Sai dai in shiga ɗakin taro a yi tsit, ko wata ta riƙe hannuna ta ce suna tuna gidanmu a addu'a, da irin muryar da ni ma na sha yi wa wasu. Uwar ɗaya daga cikin 'yan matan nan ta daina gaishe ni. A gida kuma 'ya'yana suna tambayata da Turanci ina kawunsu, me ya sa ba ya zuwa, ina ce musu aiki ne ya yi masa yawa. Babbar ta kai shekarun da ba a yi mata irin wannan ƙaryar, ta dube ni kawai ta hau sama.

Mafi nauyi shi ne Mama. A gaban babban wanmu ba ta ambatarsa. Amma idan ta faki ido ba kowa a ɗakin, sai ta rage murya ta tambaye ni ko ina ganinsa, ko ya rame, ko yana da rigar sanyi. Ni kuwa ba na ganinsa. Na kira ba ya ɗauka, na aika saƙo ba amsa. Sai na riƙa ƙirƙiro mata labari, in ce ya zo jiya, ya yi ƙiba, ya gaishe ta. Ta ce in gaya masa ta gode. Haka na zama mai yi wa uwata ƙarya duk mako, ina yi wa 'ya'yana ƙarya, ina murmushi a coci, kuma ban isa in je wurin babban wanmu in ce a sassauta ba, don zai ce ai ni na kawo maganar. Ba ni da gefen da zan tsaya. A asibiti nakan shiga ɗakin ajiye magunguna in rufe ƙofa in tsaya minti biyu, shi ne kawai wurin da ba wanda yake jiran wata magana daga bakina.

Da ciwon Mama ya yi tsanani aka kwantar da ita, sai wata rana matar babban wanmu, wadda ke jinyarta, ta kira ni a ɓoye. Ta ce tsohuwa ba ta cin abinci, sunan Auta kawai take kira, idan akwai yadda zan yi in yi, ita za ta riƙe mata wayar kafin mijinta ya dawo. Na bar aiki da rana tsaka na kama hanyar Sterling. Ban taɓa shiga gidan ba, adireshin kawai nake da shi. Abokin nasa ne ya buɗe ƙofa. Na zaci zai rufe ta a fuskata, kuma da ya yi haka da bai yi laifi ba. Ya matsa gefe ya ce in shigo, ya ba ni ruwa, ya hau sama ya kira shi. Gida ne tsaf, ga hoton Mama da Baba a bango, ga zanen da ɗana ya yi masa tun yana aji ɗaya. Auta ya sauko, na gaya masa abin da ya kawo ni a tsaye. Ya karɓi wayar daga hannuna ya shiga ɗaki ya rufe. Ban san abin da suka ce wa juna ba, kuma ban tambaya ba. Ya fito idonsa jajir, ya miƙo mini wayar ya ce ya gode.

A nan na durƙusa a kan kafet na roƙe shi gafara. Na fara bayani, ina cewa tsoro ne, ruɗewa ce, ban san yadda zan ɗauki abin ni kaɗai ba, kuma har yanzu ban san yadda zan daidaita shi da abin da na yi imani da shi ba. Ya ɗaga ni ya ce in daina durƙusa masa, ni yayarsa ce. Ya ce, "Ban roƙe ki ki yarda da ni ba, Yaya. Na san ba za ki iya ba a rana ɗaya. Shiru kawai na roƙe ki." Ya ce abin da ya fi yi masa ciwo ba korar da aka yi masa ba ce, ya daɗe da sanin za ta iya zuwa. Ya so ne a ce a bakinsa Mama ta ji, yana zaune a gabanta tana ganin fuskarsa, ba a bakin mai fushi ba.

Mama ta rasu bayan kwana tara. Na tafi jana'iza ni kaɗai. Babban wanmu ya aiko cewa idan Auta ya sako ƙafa a Jos shi ba zai iya ba da tabbacin abin da zai same shi ba, kuma kowa ya san yadda doka da mutanen gari suke game da irin wannan. A takardar da aka buga ta tsarin jana'iza, inda aka jera 'ya'yan marigayiya, sunaye biyu ne. Na gani tun kafin a raba ta. Ina da bakin magana a ranar, ni na taso daga Amurka, ni ce 'yarta mace tilo. Na ninke takardar na sa a jaka, na shiga layi na yi waƙa tare da kowa. Wannan shi ne karo na biyu da na ci amanarsa, kuma a wannan karon ba ni da uzurin ruɗewa.

Yanzu idan na aika masa saƙo yakan amsa da kalma ɗaya ko biyu. Babbar 'yata tana zuwa wurinsa da kanta tunda ta fara tuƙi, ba ta neman izinina, ni ma ba na hana ta. Ni dai bai sake zama a teburina ba. Na sauka daga shugabancin zumuntar mata, na ce musu aiki ne, amma gaskiyar ita ce ba na iya zama mace ta buɗe mini cikinta ina gyaɗa kai kamar wadda ta cancanta.

Ban rubuto wannan don in ce wa kowa ya canja abin da ya yi imani da shi ba, ni kaina har gobe ina kokawa da tambayoyin da ban sami amsarsu ba. Abin da na sani shi ne wanda na koya da tsada. Idan wani naka ya ɗauko abin da ya fi komai nauyi a rayuwarsa ya ajiye a hannunka, ba naka ba ne, ajiya ce, ko da abin ya ƙona maka hannu. Idan ya yi maka nauyi, ka koma wurin mai shi ka ce ya yi maka nauyi, ka yi kuka a gabansa, ka yi faɗa da shi in ta kama, amma kada ka ɗauka ka kai wani wuri. 'Yan'uwana mata musamman, mu yi hattara da kalmar nan ta "a taya ni da addu'a", don sau da yawa da ita muke fitar da abin da aka ce mu rufe, mu kuma ji kamar aikin lada muka yi. Kuma kada ku taɓa waya a ranar da kuke cikin fushi da kunya. Da na jira na dawo gida, da na jira mako ɗaya kawai, wataƙila da uwata ta mutu tana da 'ya'ya uku a bakin gadonta. Ni na riga na yi tawa, ba ta gyaruwa. Wanda tasa ajiyar ke hannunsa har yanzu, ya riƙe ta da kyau.